Gizo da Atishawar Dutsen Ƙanƙara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata rana Gizo ya samo cinyar rago, kitse har ƙyalli yake yi. Ya isa gida ya tarar murhu ya mutu. To, al'adar garinsu, duk wanda ya ba ka garwashi, in ka sauke girki sai ka aika masa da ɗan abin taɓawa. Gizo kuwa kun san shi da rowa, ko ƙuda bai taɓa lasar romonsa ba.

Ya ƙunshe cinyar a buhu ya fita. Bushiya ta ce, "Gizo, ba hayaƙi gidanka, zo ka ɗebi wuta."

Ya ce, "Azumi nake."

Kurciya ta yi masa tayi, ya ce azumi. Kura ta shinshina ta ce, "Wannan azumi naka da ƙarnin nama yake." Gizo ya ƙara sauri.

Ya yi ta tafiya har bangon duniya, inda babu maƙwabci. Can ya iske wani tsohon dutse, ƙanƙara ta naɗe masa kai fari fat kamar rawani, cikinsa kuwa wuta ce, ya lulluɓe ta da toka tun zamanin kakannin kakanni.

Gizo ya durƙusa, haƙora na kaɗawa don sanyi. "Baba, kana cin nama?"

"Ina na ga haƙora?"

Daɗi ya kashe Gizo. "To, sam mini wuta."

Dutse ya ce, "Ɗebi, amma kada ka hura. Ran da wani ya hura mini, toka ta binne garuruwa, aka daɗe ba a ga rana ba."

Gizo ya hau ya ɗora cinyar a bakin ramin wutar da ke ƙoƙuwar dutsen. Ya ga ba ta ko tsartsar mai, haƙuri ya ƙare. Ya hura, dutse ya ce, "Gizo, hancina." Ya sake hurawa, rawanin ƙanƙara ya fara ɗiga. Ya cika kumatu ya hura na uku.

Dutse ya yi atishawa, bum! Toka ta turnuƙe sama, rana ta ɓace, aka cilla Gizo daban, cinya daban.

Ya faɗo bayan gari, fururu da toka, ya rarrafo gida. Me zai gani? Cinyar ta riga shi isowa, ta gasu luƙus, ta faɗo tsakiyar maƙwabta, har sun kakkaɓe toka sun cinye.

Kura ta miƙa masa ƙashi ta ce, "Ga naka, tunda kai ka kawo wuta. Ajiye ka yi buɗa-baki."

Gizo ya karɓa, baƙin ciki ya hana shi ko godiya.

Kun ji, jikokina, wanda ya guji ba maƙwabci loma, ƙashi zai tsira da shi.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya rufe wutarsa.