Lungun da Aka Auna wa Makara

An ce wai a gefen wani babban birni akwai wata unguwa, Tudun Marke, mai fili a bayanta. Nan awaki ke kiwo, nan ruwan damina ke kwanciya maimakon ya faɗa ɗakunan mutane, ta nan kuma ake ratsawa da gawa zuwa maƙabarta.

Wata safiya aka tashi aka ga turaku da jan fenti. Hukumar tsara birni ta ce filin ya daina zama makiyaya, ya koma na gidaje, kuma wani attajiri, Alhaji Maikano, zai cika shi da benaye ya kewaye da katanga.

A unguwar akwai Nomau mai sayar da itace, mutum marar kwana-kwana, wanda iyayensa da 'ya'yansa biyu ke kwance a wannan maƙabarta. Shi ya ja dattawa zuwa gaban hakimi, don aiki ba zai fara ba sai hakimi ya sa hannu. Suka kawo maganar ruwa, Alhaji ya nuna takarda. Suka kawo maganar awaki, ya nuna wata. Nomau ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, to gawarmu fa? Ta sama za ta bi?"

Alhaji ya yi murmushi. "Haba Malam Nomau! Na bar muku lungu a jikin katanga. Injiniyoyina har masallacinku suka je suka auna makararku. Tana shiga, har da rarar tafin hannu."

"Ka auna katako, Alhaji, ba ka auna mu ba."

Hakimi ya duƙa ya dubi takardun. Takardar gwamnati ba ta sokuwa a zaurensa, ya sani. Mutanensa kuma ba ƙarya suke ba, wannan ma ya sani. Can ya ɗago ya ce, "Alhaji, ban ƙaryata awonka ba. Amma ni ba na sa hannu a kan hanyar da ba a taka ba. Gobe a ja igiya biyu daidai faɗin lungunka, daga bakin unguwa zuwa maƙabarta. Igiyar ita ce katanga, ba mai tsallake ta. Kai da injiniyoyinka ku ɗauki makara ku kai. In kun kai, na sa hannu."

Alhaji ya ce ai wannan ba komai ba ne.

Washegari da hantsi aka ɗora wa makara buhunan yashi daidai nauyin babban mutum, aka lulluɓe da tabarma. Alhaji ya tattare babbar riga ya kama gaba, injiniyoyinsa suka kama baya. Nomau da jama'a suka bi baya a jere, tunda igiya ba ta bar wurin mutum biyu ba.

Da farko tafiya ta yi kyau. Kafin su kai rabi kafaɗar Alhaji ta fara wuta, hularsa ta karkace, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Shi ma ɗan Musulmi ne, ya sha zuwa jana'iza, ya san yadda ake yi: ka ɗan taka da ita, wani ya matso ta gefe ya zura kafaɗa, kai ka zame, makara ba ta tsaya ba. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"A karɓe ni mana!"

Hakimi, daga wajen igiya, ya ce, "Ta ina?"

Alhaji ya dubi dama, igiya. Ya dubi hagu, igiya. Masu son karɓa na baya, makara ta tare su.

"To mu ajiye mu huta."

Nomau ya ce, "A bakin kwatar gidajenka za ka ajiye mini uwa?"

Gwiwar Alhaji ta sage, makara ta karkata, buhu ɗaya ya sulale ya fashe a ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya ga nasa a cikin wannan buhu.

Hakimi ya ce, "Alhaji, gawa ba mutum huɗu ke kai ta ba, gari ke kai ta. Ka ja katangarka baya har a samu wurin mai karɓa ta dama da mai karɓa ta hagu. Sauran filin, takardarka ta fi ƙarfina."

Alhaji yana haki ya amince. Matasa suka ɗau kabbara, dattawa suka shiga yi wa hakimi addu'a. Wani ya dafa Nomau ya ce, "Mun yi nasara!"

Nomau ya dubi turakun da suka mamaye makiyaya har inda ido ya tsaya, ya tofar da yawu. Ya ce, "Wurin zama muka zo nema, aka faɗaɗa mana hanyar tafiya."

Haka abin yake. Mai ƙarfi ba ya yarda kaya na da nauyi sai ya hau kafaɗarsa, kuma ko a ranar, iyakar abin da ya danne shi kaɗai zai sauke maka.