Marayan Dakare

An yi wani sarki a ƙasar gabas, Nuhu ɗan Mamuda, wanda ba abin da ke ɗauke masa hankali kamar shaɗaranji, darar nan ta Larabawa. A iyakar ƙasarsa akwai ƙauyen Rafin Kirya, wanda mahara suka watsa maƙwabtansa biyu, ya saura shi kaɗai. Sarki ya ƙudurta janye askarawansa daga can, Waziri Ukashatu ya roƙe shi kada ya yi.

Sarki ya sa aka shimfiɗa allo, aka jera wa kowa mayaƙansa na wasa, manya da ƙananan dakaru, ya ware dakare guda na waziri a tsakiya, ba ɗan'uwa a layin damansa ko na hagunsa. Ya ce, "Waziri, masana suna kiran wannan maraya, kuma hukuncinsa mutuwa. In na cinye ka, na janye. In ka cinye ni, Rafin Kirya ya tsira."

Waziri kuwa a Rafin Kirya aka yanke masa cibiya. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na karɓa."

Sarki ya san fannin. Ya dasa doki a gaban marayan don kada ya motsa, sannan ya riƙa neman musaya, doki da doki, giwa da giwa, don in manya sun ƙare ya tsince shi a banza. Waziri ya yi ta zamewa, fadawa na ƙyafta wa juna ido suna cewa tsoro ne. Su dai fadawa, ko wace ƙafa doki ke takawa ba su sani ba. Ashe layukan nan biyu da babu kowa sun zame wa manyan mayaƙan waziri hanya, suka kwararo ta nan suka ritsa sarkin allo na Nuhu a lungu, waziri ya cinye wasan, marayan kuwa yana nan inda yake.

Waziri ya sauke ajiyar zuciya, ya share zufa da bakin rawani, ya ce, "Ranka ya daɗe, hukuncin masana gaskiya ne, amma da sharaɗi: maraya ba ya faɗuwa sai manya sun bar allo."

Sarki ya dubi allon, ya yi dariya, don shi ma dama janyewar tana ci masa rai. Ya yafa wa waziri alkyabba, ya ƙara wa Rafin Kirya askarawa ɗari, ya ce a rubuta a ƙofar fada: adalcin sarki shi ne ya zama ɗan'uwan wanda ba kowa a gefensa.