Faɗan da waziri ya ɓoye shekara ashirin

An ce, ni dai ban gani ba, a wani tsohon littafi aka karanto na ji, wai an yi wani waziri mai 'ya'ya uku. Da ya ji mutuwa ta matso sai ya kira su, yana ɗora wa kowa hannu a ka yana sa albarka, yadda ake yi a garin. Da ya zo kan babban, Marwanu, sai ya ce, "Kai gaggawa gare ka. Na san kai ka karya wa dokina ƙafa, ka bari aka kori mai kula da shi a barga." Daga nan bai ƙara magana ba har ya cika.

Dokar garin kuwa, ɗan da ubansa bai sa wa albarka ba, korarsa ake yi.

Sarki ya tara fada, ya ce, "Wa zai gaya mini, wannan albarka ce ko baki ya yi masa?"

Sai wani tsoho Bayahude mai fataucin turare, sunansa Nahum, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka karya dokin?"

Marwanu ya ce, "Shekara ashirin ke nan, Baba."

"To, ranka ya daɗe, malamanmu sun ce da Annabi Yakubu zai rasu ya sa wa 'ya'yansa albarka, amma babban, Ra'ubainu, faɗa ya yi masa kan wani tsohon laifi. Suka yi ta tambaya, me ya sa sai yanzu? Suka ce tsoro ya ji. In ya yi faɗan tun farko, kunya za ta kori yaron ya koma wajen baffansa Isuwa. Sai ya haɗiye, don ɗansa ya zauna kusa da shi."

Sarki ya dubi Marwanu. "Kai fa, da ya faɗa maka tun ranar?"

"Wallahi guduwa zan yi, ranka ya daɗe. Na ma ɗaure kayana, na ga bai ce komai ba, na kwance."

Sarki ya ce ba za a kore shi ba, amma sai ya nemo mutumin da aka kora ya roƙi gafararsa. Nahum kuwa aka ba shi alkyabba da wurin zama a fada.

Abin da na gane shi ne, in babba ya yi shiru kan laifinka, ba lallai bai sani ba. Wataƙila tsoron rasa ka yake ji. Ni tunda na ji wannan, in Inna ta kalle ni ba ta ce komai ba, sai gabana ya faɗi.