Gaskit a Kan Garwashin Mai Tsire

A wani gari akwai wani mutum mai suna Habila, yana da mota mai turbo, wato irin wadda injinta ke zafi kamar maƙera. Ya yi wa zumuntar matan cocinsu alkawari zai kai su gasar waƙa a wata ikkilisiya da ke can kan dutse.

Ana gobe tafiya, sai motar ta fara fat-fat-fat kamar injin niƙa. Ya kai ta wurin Filibus bakanike. Filibus ya leƙa ya ce, "Oga, gaskit ne ya ƙone, wancan faifan da ke tsakanin inji da bakin salansa. Kada ka damu, yanzu zan yanka maka wani." Ya jawo kwalin taliya da almakashi, kamar yadda ya saba yi wa famfon ruwa.

Mama Rifkatu, shugabar zumunta, ta zo wucewa ta gani. Ta ce, "Habila ɗana, da kwalin taliya za ka hau da mu dutse? Faɗa mini tun yanzu mu kama hanya da ƙafa, kada mu isa an raba kyauta."

Kunya ta kama Habila. Ya tafi shagon kayan mota, aka nuna masa iri biyu: wani na roba mai sheƙi, da wani na ƙarfe, faifai bisa faifai, baƙi, ba kyan gani. Mai shago ya rantse duka biyun na kirki ne. Habila ya kwashe su, ya haɗa da kwalin Filibus, ya nufi wurin mai tsire.

Ya ce, "Sarkin Pawa, ga nama na kawo a gasa mini, amma ban da yaji."

Ya jera su a kan garwashi. Kwali ya tashi fuu, ko toka bai bari ba. Roba ta lanƙwashe, ta narke, ta cika wurin da wari, har mai tsire ya bi Habila da mafici. Na ƙarfe kuwa ya yi ja, ya huce, yana nan yadda yake.

Habila ya koma wurin bakanike ya ce, "Filibus, wannan mummunan za ka sa."

Washegari mata suka cika mota da tulunan kiɗa da kacau-kacau. Da suka kama hawan dutse, inji ya ɗau zafi, turbo na fito, Mama Rifkatu ta riƙe kujera tana addu'a da ƙarfi. Motar ba ta yi ko tari ba. Suka shiga harabar coci da guɗa, suka rera, suka ɗauko kyautar farko. Da za a dawo, Habila aka ɗaura wa zanen zumunta a wuya.

To, ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Gaskit shi ne abin da ka dogara da shi, wanda ba ya ganuwa daga waje. Kwali shi ne addinin baki, roba kuwa addinin ado na ranar Lahadi. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya duka za su kai ka. Amma akwai hawan dutse a gaban kowa: ciwo, rashi, faɗan gida, kuma akwai mutanen da ka ɗauko a bayanka. Bangaskiyar da ta sha wuta ba ta narke ba, ita ce za ta kai ku can sama kuna waƙa. Saboda haka in Ubangiji ya ɗora ka a kan garwashi yau, kada ka yi gunaguni. Shirya ka yake yi don gobe. Amin.