Ɗigon Gam a Kafaɗar Robot

Akwai wani mutum da mabiyansa ke kira Injiniya, ko da yake bai taɓa zama ajin injiniyanci ba. Aikinsa gwada kayan wasan yara. 'Yan kasuwa kan aiko masa da sabon kaya, ya buɗe kwali a gaban kyamara, ya harhaɗa, sannan ya gaya wa iyaye su saya ko kada su saya. Iyaye sun yarda da shi ƙwarai, shi ma ya san da haka. Yakan ce shi bai taɓa yaba wani abu ba ya dawo daga baya ya ce ya yi kuskure.

Abin ya fara ne wata ranar Talata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a ɗakin da yake ɗaukar bidiyo.

An aiko masa da wani kwali na ƙananan bulolin roba, irin waɗanda ake danna ɗaya bisa ɗaya su kama juna. Idan aka gama haɗawa, jar motar kashe gobara ce take fitowa. A naɗe tayoyin baya, a ja tsanin gefe, a ɗaga gidan direba, sai motar ta miƙe ta zama robot mai kai da ƙirji da hannaye. Abin da ke riƙe hannayen a kafaɗa mayen ƙarfe ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, yana ƙyalli kamar alawa.

Tun kafin ya buɗe kwalin Injiniya ya riga ya sa hotonsa a shafinsa, ya rubuta cewa bana ba a kawo abin wasa kamar wannan ba.

Matarsa ce ke riƙe masa kyamara. Ya gama haɗa motar, ya yi murmushi, ya fara juya ta. Yana ɗaga hannun dama sai mayen ƙarfen ya fita daga raminsa, ya gangara, ya manne a ƙafar tebur. Ya mayar da shi, suka sake ɗauka. Wannan karon na hagu ne ya fita.

Matar ta sauke kyamara. "Injiniya, robot ɗinka tun bai tsufa ba yana zubar da haƙora."

Bai yi dariya ba. Ya jawo aljihun tebur ya ciro gam.

"Me za ka yi?"

"Nawa ne kawai ya zo a haka. Ba za a ce duka haka suke ba."

"Ka ga sauran ne?"

"Shekaranjiya na ce wa duniya babu kamarsa. Yau kuma in fito in ce me? Ke dai riƙe kyamara."

Ya ɗiga gam a kowane rami, ya danna, ya hura har ya bushe. Bidiyon ya fito da kyau. A ƙarshensa ya kama robot ɗin ya girgiza shi da ƙarfi a gaban kyamara, ya ce, "Kun gani? Ko da mai rarrafe a gidanku, ku saya hankali kwance. Babu abin da ke faɗuwa."

Matarsa ta kashe kyamara. Ta naɗe wayar caji, ta fita ta bar masa ɗakin.

Injiniya yana da ƙanwa, malamar makaranta ce, mijinta direban babbar mota. 'Ya'yansu biyu: namiji ɗan aji uku da ake kira Kwamanda, da mace wadda ta fara tafiya ba da daɗewa ba, ana ce mata Auta.

Ba a jima ba ƙanwar ta kira shi a waya, muryarta cike da farin ciki.

"Yaya, ka ja mini. Kwamanda ya ga bidiyonka ya hana ni sakat, sai da na sayo masa robot ɗin."

"Wane robot?"

"Ji Yaya. Mai motar gobara mana. Da na so in ƙi saboda Auta, kome ta gani baki. Amma da na ji ka ce babu abin da ke faɗuwa, sai na ce to, tunda Yaya ne ya faɗa."

Magana ɗaya ta isa a lokacin: ɗauke shi. Amma in ya ce ɗauke shi za ta ce don me, in ta ji dalili gobe duk dangi sun ji. Sai ya ce, "Madalla. Zan leƙo ku ƙarshen mako."

Dabararsa ita ce ya je da gam a aljihu, ya karɓi robot ɗin kamar zai duba, ya liƙe shi ba wanda ya sani.

Ranar Asabar da hantsi ya shiga falon ƙanwarsa. Auta na kwance a doguwar kujera, an shimfiɗa mata zane, ga roba a ƙasa kusa da kanta. Yarinyar da takan ruga ta kama ƙafarsa, yau ido kawai ta ɗaga.

"Tun jiya take amai," in ji uwar. "Haƙori ne, haka Kwamanda ya yi."

Kwamanda ya fito da gudu. "Kawu, ga shi! Ni kaɗai na haɗa, Mama littafin kawai ta riƙe mini, kuma a juye."

"Kai, rufe mini baki," in ji uwar tana dariya.

Injiniya ya karɓa. An ɗaure hannayen robot ɗin da robar ɗaurin gashi. Ya zame robar ya duba kafaɗar dama: rami. Ya duba ta hagu: rami.

"Kwamanda, ina ƙarfunan nan masu ƙyalli?"

"Sun faɗi. Na tsince su na ajiye a kan ƙaramin tebur. Da na dawo makaranta ban gan su ba." Yaron ya rage murya. "Kada ka gaya wa Mama, za ta ce na lalata."

Injiniya ya dubi ƙaramin teburin. Tsawonsa daidai ƙirjin Auta.

Ya san abin da mayen ƙarfe ke yi, domin aikinsa ne ya sani. Guda ɗaya yakan bi ciki ya wuce. Amma biyu, idan ba tare aka haɗiye su ba, sukan nemi juna ta cikin hanji, su manne da naman a tsakaninsu, su yi ta matsawa har wurin ya huje.

Ya ciro makullansa, ya durƙusa, ya shiga jan su a ƙarƙashin kujeru, a bakin darduma, a bayan talabijin, yana sauraron ko zai ji wani abu ya manne.

"Yaya, shara ka koma? Da ka faɗa na ba ka tsintsiya."

"'Yar ƙusar tabarauna ce ta faɗi."

Ya bi falon kusurwa kusurwa. Ya samo murfin biro, da maɓalli, da busasshen biskit. Makullan suka fito fayau.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce wa kansa wataƙila an share su. Wataƙila Kwamanda ya kai su makaranta ya manta. Wataƙila haƙorin ne da gaske. Ya shafa kan Auta, ya ji zafi, ya yi sallama ya tafi da gam ɗinsa a aljihu.

Washegari aka kai Auta asibiti. Injiniya da matarsa suka same su a ɗakin yara, an sa mata ruwa a hannu, tana naɗe ƙafafu tana kuka ƙasa-ƙasa. Tsohuwarsu ma ta zo, tana zaune a bakin gado tana yi mata fifita da kwali.

Likita ya danna cikin yarinyar a hankali, ya tambayi uwar, "Ta ci wani baƙon abu? Ko kuna zargin ta haɗiyi wani abu?"

"A'a, likita. Idona yana kanta kullum."

Injiniya na tsaye a bayan likitan, kusa har yana iya karanta abin da yake rubutawa. Ya buɗe baki. Ya ga tsohuwa, ya ga ƙanwarsa, ya ga wata mata a gadon gefe da tun shigowarsa take nuna shi tana gaya wa ɗanta, ga Injiniya na waya. Ya rufe bakin.

"To, za mu ba ta magani mu ga yadda za ta kwana," in ji likita.

Da safiyar Litinin cikin Auta ya kumbura ya yi tauri, aman ya koma kore. Ta daina kuka ma.

Matar Injiniya ta ja shi zuwa baranda, ta buɗe tafin hannunta. Gam ɗin ne.

"A wandon da ka je gidansu da shi na samu. Ƙanwarka ma ta sayi robot ɗin, ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Guda nawa suka ɓace?"

"Biyu."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Tun Asabar ka sani. Ni ma da nawa laifin, na riƙe maka kyamara. Ga ofishin likita can. Ko ka shiga, ko in shiga."

Ya shiga. Amma ko a nan rabin magana ya yi. Ya ce yana jin akwai abin wasa mai mayen ƙarfe a gidan, ko za a ɗauki hoton cikin. Likita ya ajiye biro, ya miƙe ba tare da ya tura kujerarsa ba.

A hoton, ƙasa da haƙarƙari, ga fararen ɗigo biyu manne da juna. Nan take aka tura gadon Auta ɗakin tiyata, uwar na bin sa da takalmi ƙafa ɗaya.

Ana cikin jira mijin ƙanwar ya iso daga hanya, ko wanka bai yi ba. Da aka gaya masa abin da aka gani, ya juya ya kama Kwamanda a wuyan riga.

"Kai ne? Kai ka zubar da su inda za ta ɗauka? Sau nawa na ce ka riƙa tattara tarkacenka?"

Yaron ya ƙanƙame jiki. "Baba, ban sani ba. Da kansu suka faɗi. Na Kawu ba ya faɗuwa, nawa ne kawai. Ni ne ban iya haɗawa ba."

Uban ya ɗaga hannu.

"Sake shi," in ji Injiniya. Muryarsa ta fita siririya. "Nawa ma ya faɗi. Gam na sa masa kafin in ɗauki bidiyo. Ranar Asabar na ga babu su a jikin na Kwamanda, na yi shiru. Jiya likita ya tambaya, ina tsaye, na yi shiru."

Direban ya saki yaron. Bai daki Injiniya ba, ko da yake kowa ya zaci zai yi. Ƙanwar ce ta yi magana, a hankali, tana kallon bango.

"Ashe ba ƙusar tabarau kake nema ba."

"A'a."

"Na ba ka ruwa ka sha, Yaya. Tana kwance a gabanka."

Bayan azahar likita ya fito. Ya ce yarinyar na da rai. Hanjin ya huje wuri biyu, sun yanke abin da ya kai tsawon tafin hannu, kuma za ta daɗe a kwance, sai an ga yadda jikin zai karɓa. Ya ƙara da cewa, ba da faɗa ba, da an gaya musu tun jiya da wataƙila ba a kai ga yanka ba.

Injiniya ya fita wurin ajiye motoci, ya riƙe waya da hannunsa, ya ɗauki bidiyo yana faɗin duk abin da ya yi, ya sa a shafinsa. Ya roƙi duk wanda ya sayi robot ɗin ya duba kafaɗunsa yanzu, kada ya bari sai anjima. Zagi ya yi ta shigowa, bai karanta ba. Saƙo ɗaya ne ya tsaya a kansa, daga wata mata da bai sani ba: "Na duba namu. Babu ɗaya. Ɗana shekararsa biyu. Me zan yi?" Ya rubuta mata ta tafi asibiti maza. Har yau ba ta sake rubuto komai ba, kuma bai san yadda suka ƙare ba.

'Yan kasuwa suka daina aiko da kwali. Mabiya suka watse. Auta ta koma gida da dogon tabo a ciki, abinci kaɗan take iya ci, kuma iyayenta sun tashi daga unguwar ba su gaya masa inda suka koma ba.

Waɗanda suka rage masa su ne: matarsa, wadda ba ta ƙara taɓa kyamara ba, tsohuwarsa, wadda ke amsa gaisuwarsa amma ba ta tambayarsa aiki, da Kwamanda, wanda yakan ari wayar kakarsa a ɓoye ya kira shi, ya tambaye shi ko da gaske ba laifinsa ba ne.

Darasi: Wanda mutane suka ɗauki maganarsa suka shigar da ita gidajensu, amana ce a wuyansa. Cewa "na yi kuskure" yana da ɗaci, amma na ɗan lokaci ne. Shirun da aka yi don kare suna, wani ne marar laifi yakan biya shi da jikinsa. In ka san wani haɗari, ka faɗa a ranar da ka sani. Iyaye kuma, ku duba kayan wasan da ke gidajenku yau, musamman masu ƙananan mayen ƙarfe. Ku tura wannan labari ga duk mai ƙaramin yaro, da duk mai yaba wa jama'a kaya.