Mabuɗin da Suhail Ya Kulle a Cikin Ɗaki

Akwai wani saurayi a Ƙofar Kuyambana, Suhail, jikan malamai. Gwani ne a harkar kwamfuta, kuma ya san da haka.

A kwamfutar gidansu kaɗai aka adana hotunan littattafan da kakansa ya rubuta da hannu, waɗanda gara ta ci rabinsu daga baya. Wata Asabar, malamai za su zo daga Kano su duba su bayan La'asar.

Da hantsi Suhail ya zauna sake gina kanel, wato zuciyar manhajar da ke tayar da kwamfuta, wai don ta ƙara sauri. Kowane ɓangare sai an zaɓa masa harafi: Y, a gina shi a ciki, M, a ajiye shi a faifan ajiyar kwamfuta sai an buƙata, N, a bar shi.

Ya dinga danna M babu ƙaƙƙautawa.

Yayarsa Radiya, mai kula da kwamfutocin wani asibiti, ta leƙo. "Ɓangaren da ke karanta faifan, sa masa Y. Kuma kar ka goge tsohon kanel tukuna."

"Yaya, wannan ba katin marasa lafiya ba ne," ya ce yana dariya. Ya danna M, ya goge tsohon.

Bayan Azahar ya kunna. Baƙin allo, farin rubutu, shiru. Ya sake. Haka dai. Kwamfutar ta ƙi tashi.

Daga zaure mahaifinsu ya ɗaga murya: "Suhail! Baƙi sun wuce Ƙofar Doka!"

Ya je ƙofar ɗakin Radiya, ya tsaya kai a sunkuye. "Yaya, littattafan Kaka..."

"Suna nan. Ɗaki ka kulle, ka bar mabuɗin a ciki. Abin da zai buɗe faifai, ka ajiye shi a cikin faifan."

Ta tayar da kwamfutar da filas ɗinta, ɗan ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, ta tura masa kujera. "Gyara da hannunka."

Ya danna Y, ya sake ginin. Baƙi suka ci abinci, aka yi La'asar, ginin bai ƙare ba. Mahaifinsu ya leƙo sau biyu.

A leƙowa ta uku, rubutun Kaka ya cika allo.

Wani dattijo cikin baƙin ya tambaya, "Aikin wa ne wannan?"

Suhail ya ce, "Na yayata ne, Malam. Ni harafi ɗaya na danna."

Darasi: Ba kowane abu ake ajiyewa sai an buƙata ba, abin da tashinka ya dogara a kansa, riƙe shi a jikinka. Kuma kar iyawa ta toshe maka kunne. Ku tura wa gwanayen gidanku.