Wayar Filogin Motar Auta

Akwai wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, har unguwa ta manta sunansa na yanka, kowa sai Baba Direba. Ya ajiye tuƙi ne lokacin da gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Tun daga nan bai rabu da man zafi ba, safe ya shafa, yamma ya shafa. In ya bi ta layi, ko ba ka gan shi ba hancinka zai gaya maka ya wuce.

Mutumin kirki ne, amma yana da hali guda. Zai iya wuni yana ba ka labarin hanya, amma ya buɗe baki ya ce wa ɗansa "ina jin tsoro," wannan kam sai dai a mutu.

Ɗan nasa, Auta, da aiki ya buɗe masa sai ya sayo wata jar motar tsere mai ƙofa biyu. Ta hannu ce, tsohuwar yayi, amma da sauran ƙarfinta. In ya tayar da ita da safe, har tagogin maƙwabta sai sun amsa. In kuma ya hau babban titi, sai dai ka ga wucewar jan abu.

Baba ya ga abin da gudu ke yi wa mutane. Ya sha tsayawa a bakin hanya yana taya ciro 'ya'yan wasu daga cikin ƙarfe. Rannan ya daure ya ce, "Auta, a riƙa sassauta ƙafa."

Auta ya yi dariya. "Baba, ai wannan ba irin akwalar da kuka tuƙa ba ce. Birkinta kaɗai ya fi injin taku."

Wasa yake yi, amma maganar ta soki tsohon. Bai ƙara ɗaga zancen ba. Maimakon haka sai ya ƙulla wata dabara shi kaɗai, yana ganin ya yi wayo.

Auta yana rataye makullin motar a ƙusa bayan ƙofar falo. Wata safiya, yana banɗaki yana wanka, Baba ya ɗauki makullin ya fita ya buɗe bonet. Wayoyin filogi suna jere a kan injin, su ne ke kai wuta ta ƙona fetur. Ya kama hular roba ta waya ta uku, ya murɗa, ya ɗaga ta kaɗan. Bai cire ta gaba ɗaya ba, ya bar ta zaune yadda ido ba zai gane ba. Ya rufe bonet, ya mayar da makulli, ya koma ya kunna rediyonsa.

Da Auta ya tayar da mota sai ta kama rawa. Sitiyari na karkarwa, salansa na tari, ya taka totur ta ƙi tashi. Baba yana jinsa daga ɗaki, zuciyarsa fes. Ya ce a ransa, yau dai yaron nan zai dawo gida lafiya.

Auta bai nufi ko'ina ba sai garejin mijin yayarsa. Wannan surukin na Baba bakanike ne, ana ce masa Injiniya, mutum mai sanyin hali da ba ya son hayaniya. Garejinsa rumfar kwano ce da ramin duba ƙarƙashin mota, sai benci guda da masu jira ke zama.

"Yaya, ka ji min motar nan. Jiya lafiya lau, yau kamar mai zazzaɓi."

Injiniya ya ce a bar ta a kunne. Ya zagaya baya ya shinshina hayaƙin salansa, ya ji warin ɗanyen fetur. "Misin take yi," in ji shi. "Akwai filogin da ba ya samun wuta."

Ya naɗe hannu da tsumma, ya fara zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya injin na aiki. Ya zare ta farko, rawar ta ƙaru, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya zo ta uku, ko ja bai yi ba ta biyo hannunsa, kuma ƙarar injin ba ta sauya ba ko kaɗan.

"Ga mai laifin nan. Waya ce ta saki." Ya danna ta har ta ce ƙas, nan take injin ya daidaita.

Ba a rufa mako ba Auta ya dawo da ciwo iri ɗaya. Injiniya ya yi mamaki, don ya san da hannunsa ya danna wayar. Ya kama hular ta uku, ya ji maiƙo a jikinta wanda ba na baƙin mai ba ne. Ya kai yatsunsa hanci. Sai ya daɗe yana kallon injin.

"Me ka gani?" in ji Auta.

"Ba komai. Bari in sauya maka wayoyin duka."

Ya sa sababbi, ya duba filogan, ya duba kwail ɗin da ke ba su wuta, duk lafiyarsu ƙalau. Amma sabuwar waya ba ta hana hannun da ke zare ta. Motar ta yi kwana biyu garau, ta sake komawa rawa, Auta ya sake dawowa, fuska a murtuke.

Daga nan bakinsa ya buɗe. A majalisar abokansa masu motoci ya ce mijin yayarsa sunan Injiniya kawai gare shi, waya ɗaya ta gagare shi. Kun san yadda irin wannan magana take, ba ta buƙatar kuɗin mota. Masu kawo gyara suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, har bencin garejin ya koma wurin barcin kyanwa.

Wata rana Injiniya ya zo gaida surukinsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Bayan gaisuwa ya yi ta juya hula a hannu, sannan ya ce, "Baba, ni kam a ɗan sanina, motar da filoginta ɗaya ba ya wuta ta fi mai lafiya hatsari. Lokacin da ake neman ƙarfinta, lokacin take ƙi."

Iyakar abin da kunyar surukuta ta bar shi ya faɗa ke nan. Baba ya gane sarai. Amma sai ya ce, "Haka ne, haka ne," ya kama murɗa rediyo kamar tashar ce ta ɓace.

Har 'yar Baba, matar Injiniya, ta zo gida tana yi wa mahaifiyarta kuka, wai ƙanenta ya zubar wa mijinta mutunci a gari, mijin kuma ya hana ta yin magana. Baba yana ɗaki yana ji. Abinci ya gagare shi ranar. Ya yi wa kansa alkawari ya daina, kuma ya daina na ɗan lokaci. Amma da ya ji Auta ya shigo layi da gudu, taya na ƙara, washegari sai ga shi gaban bonet. Ni dai a nan ne tausayinsa ya fara fita daga raina, don ya san wanda ke shan dukan.

Ranar da abin ya fashe, Baba yana da ganin likitan ƙashi a wani asibiti da ke bayan gari. Ya riga ya taɓa wayar da safe, ya shirya zai fita neman motar haya, sai Auta ya ce, "Haba Baba, ina gida za ka hau ta haya? Shigo in kai ka."

Magana ɗaya ta isa a lokacin. Buɗe bonet, Auta. Amma tsohon ya kasa. Ya naɗe gwiwoyinsa ya shiga, yana lallashin kansa cewa ai ma sun tafi a hankali.

Suka hau babban titi mota na tari, Auta na tsaki yana ambaton Injiniya. Can suka tarar da tankar mai tana jan jiki. Auta ya leƙa, ya hango wata bas can nesa, ya ga da sarari. A saninsa da motarsa, wannan wucewar ƙiftawar ido ce. Ya fita ɗaya hannun, ya sauke giya, ya take totur har ƙasa.

Motar ta yi tari, ta shaƙe, ta ƙi gaba. Ga tanka a gefe, ga bas tana ƙara girma, direbanta na danna hon yana walƙa fitila. Baba, wanda ya fi kowa sanin dalili, ya riƙe kujera yana salati da ƙarfi. Auta ya fizgi sitiyari suka sauka daga titi, suka ratsa ciyawa, suka tsaya dab da wani rami. Bas ta wuce, iskarta na girgiza su.

Auta ya kifa kai a sitiyari. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Da na kashe ka, Baba. Da na kashe ka saboda sakacin mutumin nan." Bai ƙara bi ta kan asibiti ba, ya juya motar sai gareji.

Tun kafin ya kashe injin ya fito yana ihu. Masu walda da masu faci na maƙwabta suka ajiye aiki suka taru.

"Fito! Yau ka kusa kashe ni da mahaifina! In ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba. Don kana auren yayata shi ne zan zuba ido ka hallaka mu?"

Injiniya ya fito daga rami, hannu duk baƙin mai. Ya dubi Auta, ya dubi ciyawar da ke maƙale a gaban motar. Sannan ya hango Baba zaune a ciki. Idonsu ya haɗu, Injiniya ya yi saurin sunkuyar da kai.

"Ka yi haƙuri, Auta," in ji shi a hankali. "Laifina ne. Alhamdulillahi da Allah ya tsare."

Wannan "laifina ne" ita ta karya Baba. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe ƙofa, ya dafa ta ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Auta, buɗe bonet."

"Baba, ka zauna, ni zan..."

"Na ce ka buɗe."

Aka buɗe. A gaban kowa tsohon ya miƙa hannu kai tsaye, ba lalube, ya ɗaga waya ta uku da yatsa biyu. Ya mayar da ita ya danna, ta ce ƙas. Injin da ke rawa ya kwanta lumui.

"Ni ne," in ji shi. "Tun ranar farko ni ne nake zare ta, kana wanka. Tsoro nake ji kada gudu ya kashe min kai, na kasa gaya maka. Bawan Allahn nan bai taɓa yi maka aikin banza ba."

Mai walda ya juya ya koma rumfarsa, don akwai abin da ido ba ya son gani. Da ƙyar Auta ya juya wajen Injiniya. "Yaya, ka sani?"

"Tun zuwanka na biyu. Hular wayar ƙamshin man zafi take yi."

"To me ya hana ka faɗa, ina ta zaginka a gari?"

Injiniya ya goge hannu da tsumma. "Da wane bakin zan ce maka Baba ne? Amma ni ma shiruna ya kusa jawo abin da ya fi zagi. Da na sani, da na cije na faɗa."

Auta ya durƙushe nan cikin baƙin mai da fararen kayansa, ya kama hannun mijin yayarsa. Baba ma ya yunƙura zai durƙusa, Injiniya ya yi wuf ya tare shi. "Subhanallahi, Baba, kada ka yi min haka." Tsohon ya tsaya hawaye na bin gemunsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Auta ya rage gudu daga ranar, ba don waya ba, sai don ya ji da kunnensa mahaifinsa ya ce yana tsoro. Ya koma majalisa ya janye maganarsa. Sai dai waɗanda suka ji zagin sun fi waɗanda suka ji gyaran yawa.

Shi ya sa har yanzu, in ka je garejin da hantsi, za ka tarar da Baba Direba a kan bencin nan, ƙamshin man zafi na tashi. Ba wanda ya sa shi. Duk wanda ya tsaya, ko tambayar hanya ya zo yi, sai tsohon ya gyara zama ya ce, "Ka taɓa jin an ce mai garejin nan ya kasa gyara wayar filogi? To ƙarya ce. Ni ne nake zare ta."

Kullum in ya faɗa, Injiniya sai ya shige ƙarƙashin mota don kunya. Wasu daga cikin masu gyaran sun dawo. Wasu har yau ba su dawo ba.

Darasi: In kana tsoron wani abu ga wanda kake ƙauna, buɗe baki ka gaya masa, ko da zai yi maka dariya. Gyaran da ake yi a ɓoye yakan zama ɓarna, kuma sau da yawa mai haƙurin da bai ji ba bai gani ba shi ke ɗaukar laifin. Kada kuma ka ɓata sunan mutum kafin ka tabbatar, don ba duk wanda ya ji zargi ne zai ji wankewa ba. Ku tura wa iyaye da 'ya'ya, wataƙila akwai gidan da wannan maganar za ta buɗe bakin wani.